Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu tura matasa ɗauko muryar waɗanda suka ga yaƙi da zalunci

Zuwa ga shugabannin sassan nazarin tarihi na jami'o'i, da daraktocin gidajen adana kayan tarihi, da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, mu masu aikin tattara tarihin baka ne, kuma wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya ne ya sa muka rubuto muku. Jami'a ko ƙungiya za ta sami tallafin wata shida, ta tara ɗalibai, ta yi musu bitar kwana biyu, ta sake su da wayoyinsu su je su zauna gaban tsoffin sojoji, da matan da aka kashe wa mazaje, da waɗanda suka sha ɗauri saboda siyasa. A dawo da tarin hira, a yi taron rufewa, kowa ya kama gabansa. Bayan shekara uku idan aka nemi hirarrakin, wasu sun tafi da wayar da aka sayar, wasu ba a jin komai a cikinsu sai ƙugin fanka, sauran kuma babu takardar da ta nuna wa ya yi maganar, yaushe, ko ma ya yarda wani ya saurare shi. Dattijon da ya buɗe cikinsa kuwa ya riga mu gidan gaskiya, kuma ba za a sake jin wannan muryar ba.

Roƙonmu guda ne. Kada ku bari a danna maɓallin ɗauka sai kun tanadi yadda za a kare mai maganar da yadda za a adana maganar. Abin da mutum ya faɗa game da ranar da aka kashe ɗansa amana ce, kuma ku ne za a tambaya a kanta, ba ɗalibin da kuka aika ba.

Mun san gaggawar da ke ingiza ku, domin mu ma ita ke hana mu barci. Dubban sojojin Afirka ta Yamma da Birtaniya ta kai yaƙin Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kusan duk sun tafi, mafi yawansu ba tare da an zauna da su da rikoda ba. Wanda ya shiga yaƙin basasar Najeriya a 1967 yana ɗan shekara 20, an haife shi a 1947, ku lissafa da kanku. Takardun hukuma kuma ba za su cike giɓin ba, saboda mai zalunci shi ke riƙe da akwatin takardu. Turawan mulkin mallaka sun ƙona wasu fayilolinsu kafin su bar Kenya, suka kwashe wasu suka ɓoye a Ingila, ba a amsa cewa suna nan ba sai a 2011, bayan wasu tsoffi 'yan Kenya da aka azabtar a zamanin tawayen Mau Mau sun kai ƙara kotun Landan. A 2013 gwamnatin Birtaniya ta amince ta biya fam miliyan 19.9, diyyar mutum 5,228 haɗe da kuɗin shari'a. Bakin tsoffin nan da tabon jikinsu ne suka buɗe akwatin. Saboda haka ba cewa muke a jinkirta ba. Cewa muke ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fara da alkawari, domin a nan aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ɗalibi zai ga dattijo yana ɗari-ɗari, sai ya ce masa: "Baba, kada ka damu, babu wanda zai ji wannan." Ba shi da ikon faɗin haka, ku ma ba ku da shi. Daga 2001 zuwa 2006 Kwalejin Boston da ke Amurka ta ɗauki hira da tsoffin 'yan bindiga na ɓangarori biyu na rikicin Ayalan ta Arewa, bisa alkawarin ba za a fito da maganar kowa ba sai bayan ransa. Mutane suka saki jiki suka faɗi abin da suka aikata da wanda ya ba su umarni. A 2011 'yan sandan Ayalan ta Arewa, waɗanda ke binciken sacewa da kisan wata mata mai suna Jean McConville a 1972, suka bi ta yarjejeniyar taimakon shari'a da ke tsakanin Birtaniya da Amurka suka samo sammacin kotu. Aka yi ta shari'a, a ƙarshe aka miƙa wasu daga cikin hirarrakin. Aka kama mutane, har da Gerry Adams, shugaban jam'iyyar Sinn Féin na lokacin, a 2014, wanda aka saki bayan kwana huɗu ba tare da tuhuma ba. Kwalejin ta koma tana mayar wa masu hira kasetocinsu. Magana zarar bunu ce, kuma waɗanda suka zare ta sun yi haka ne bisa alkawarin da doka ba ta san da shi ba.

Don haka kafin a fita, ku zauna da lauya ya karanta takardar amincewarku, kuma ya amsa tambaya ɗaya ƙarara: idan kotu ta nemi wannan hira, me zai faru? Amsar da ya bayar ita za a faɗa wa mai magana, da harshensa, kafin a kunna na'ura. A gaya masa kuma cewa kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi da laifukan cin zarafin bil'adama ba sa tsufa a dokar ƙasa da ƙasa. Sashe na 29 na yarjejeniyar Rum da ta kafa Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuka ya faɗi haka. Wanda ya riƙe bindiga yana da haƙƙin sanin cewa bakinsa zai iya yanka wuyansa. Idan ya ji haka ya ce ya fasa, an yi asarar hira guda amma an tsira da amana.

Takardar amincewar kanta kada ta zama sa hannu ko ka ƙi. A raba ta gida-gida, mai magana ya zaɓa. Da sunansa za a ajiye ko da sunan aro? Murya kaɗai, ko har da hoto? Masu bincike kaɗai za su saurara a cikin ɗakin karatu, ko za a iya sa wa a rediyo da intanet? Yanzu za a buɗe, ko bayan shekara 10, ko 30, ko bayan ransa? Yana da damar janyewa, kuma wa zai kira idan ya so janyewa bayan aikin ya ƙare kuma ɗalibin ya gama makaranta? Wanda bai iya karatu ba a karanta masa a ɗauki amincewarsa da muryarsa a farkon fayil, kada a dangwala masa yatsa a takardar da bai san abin da ke ciki ba. Mafi muhimmanci, a sake tambayarsa bayan an gama hirar. Kafin a fara bai san abin da zai fito daga bakinsa ba. Sau da yawa shi kansa yakan yi mamaki. Amincewar da aka bayar bayan an gama ita ce ta gaskiya.

Sunan aro kuma ba ya ɓoye mutum kamar yadda ake zato. Murya tana tona mai ita. Idan mace ta ce ita ce ungozoma tilo a sansanin da aka tsare su, ko mutum ya ambaci muƙaminsa da bataliyarsa da ranar da aka harbe shi, an gano shi ko da an canza sunansa sau goma. Hoton da aka ɗauka da waya yakan ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye a cikin fayil. Saboda haka kwafin da za a ba jama'a daban, na asali daban, kuma takardar da ta haɗa sunan gaskiya da lambar hira ba ta kwana wuri guda da muryoyin.

Ku kuma ɗauka cewa wata rana za a zo neman rumbun naku da ƙarfi. A Guwatamala, Cocin Katolika ya horar da mutanen ƙauyuka suka tattara dubban shaidu kan yaƙin basasar ƙasar, da yawa cikin harsunan Maya. Bishop Juan Gerardi ya gabatar da rahoton ranar 24 ga Afrilu 1998. Ranar 26 ga wata aka kashe shi. A El Salvado, cikin Nuwamba 2013, 'yan bindiga suka shiga ofishin ƙungiyar Pro-Búsqueda mai neman yaran da aka sace lokacin yaƙi, suka ƙona takardu suka tafi da kwamfutoci. A Rasha, jami'an tsaro sun kwashe faifayen kwamfutar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Memorial a ofishinta na San Pitasbag a Disamba 2008, sai da aka je kotu aka dawo da su, kuma a Disamba 2021 kotun ƙolin ƙasar ta ba da umarnin rushe ƙungiyar. Darasin a aikace shi ne a kulle faifayen ajiya da manhajar ɓoye bayanai irin VeraCrypt, a ajiye kwafi guda a wajen ƙasar da abin ya faru a hannun wata cibiya da aka yi rubutacciyar yarjejeniya da ita, kuma kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu ko uku. Idan mutum ɗaya ne ya san ta, ranar da ya rasu ko aka kama shi rumbun ya rufe har abada.

Wa za a aika? Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin Amurka ta tura ma'aikata suka yi hira da tsoffin bayi fiye da 2,300. Yawancin masu tambayar fararen fata ne. Akwai wata tsohuwa a birnin Calston da aka yi hira da ita sau biyu: gaban farar mace ta yabi iyayengijinta, gaban baƙin namiji ta ba da labarin bulala da yadda ake raba uwa da ɗa a sayar. Tsohuwar ba maƙaryaciya ba ce, ta auna wanda ke gabanta ne. Haka zai faru idan kuka tura saurayi ya tambayi dattijuwa abin da sojoji suka yi mata, ko kuka tura ɗan ɓangaren da ya ci yaƙi wurin wanda aka ci, ko aka je da motar da ke ɗauke da tambarin gwamnati. A dace da jinsi da harshe. A guji tafinta idan da hali, in kuma dole ne, kada ya zama ɗan unguwar ko ɗan gidan. A rubuta wanda ya yi tambayar da duk wanda ke cikin ɗakin, domin mai saurare bayan shekara 50 yana bukatar sanin gaban wa aka yi maganar.

Zama na farko ba na ɗauka ba ne. A je a gaisa, a bayyana aikin, a ji shekarar haihuwa da wuraren da ya zauna da sunayen da za su taso, a koma a yi karatu a kan wurin da lokacin. Ranar hira kada a fara daga ranar bala'i. A fara daga ƙuruciya, gidan da ya tashi, sana'ar mahaifinsa, abin da yake burin zama. Gidauniyar Shoah, wadda ta ɗauki hira kusan 52,000 da waɗanda suka tsira daga kisan da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa da sauran shaidu, cikin ƙasashe 56 da harsuna 32 tsakanin 1994 da 1999, ta umarci ma'aikatanta su ba rayuwar kafin yaƙi kimanin kashi 20 cikin ɗari na lokaci, yaƙin kansa 60, bayan yaƙi 20. Dalilin a fili yake: ba za a gane girman abin da aka rushe ba sai an san yadda yake a tsaye, kuma mutum ya fi abin da aka yi masa.

Tambaya ta zama gajera kuma a buɗe. "Daga nan sai me ya faru?" "Ina kike tsaye a lokacin?" "Me kika ji da kunnenki?" Tambaya irin "ai sun doke ku sosai ko?" ta riga ta sa masa amsa a baki, kuma ta ɓata shaidar. "Me ya sa ba ka gudu ba?" zargi ne ko da ba a nufa ba. Ban da "to", "haka ne", "Allah sarki" bayan kowace jimla. A gyaɗa kai kawai, don kada muryar mai tambaya ta hau ta mai magana.

Abin da ya fi wuyar koya wa matashi shi ne shiru. Dattijuwa tana cikin bayanin daren da aka buga musu ƙofa, ta kai inda aka fito da mijinta tsakar gida, sai ta tsaya. Idonta ya koma kan tafin hannunta, babban yatsanta yana murza gefen zobe, leɓenta na motsi babu sauti. Daƙiƙa goma a nan kamar awa guda ce ga mai tambaya, kuma cikinsa zai ce masa ya jefa wata tambaya ko ya yi ta'aziyya don ya ceci kansa daga nauyin. Idan ya yi haka ya rufe ƙofar da ta yi shekara arba'in tana ƙoƙarin buɗewa. Ya ƙirga ashirin a zuci. In ta ci gaba, to. In kuka ya zo, ya tambaya a hankali ko tana so a tsaya, kuma ita ce mai yanke hukunci. Wasu suna so a kashe na'ura, wasu kuma ransu ɓaci yake idan aka kashe, domin don a ji wannan wurin suka yarda tun farko.

Kada zama ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Gara zama uku a mako uku da zama guda na awa biyar, saboda abu mafi nauyi ba ya fitowa a ranar farko. Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta Afirka ta Kudu, wadda ta karɓi bayanai fiye da 21,000, ta lura mata suna zuwa su ba da labarin mazajensu da 'ya'yansu su yi shiru kan abin da aka yi musu su kansu, har sai da ta shirya zama na musamman na mata. Kim Hak-sun 'yar Koriya ba ta fito fili ta faɗi yadda sojojin Japan suka bautar da ita ba sai a Agusta 1991, shekara 46 bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A shari'ar Hissène Habré, tsohon shugaban Cadi, da aka yi a Dakar, maganar fyaɗe ba ta cikin takardar tuhuma. A gaban alƙalai matan suka buɗe baki. An same shi da laifi ranar 30 ga Mayu 2016, amma a ɗaukaka ƙara a 2017 aka cire hukuncin fyaɗen da aka ce ya aikata da kansa saboda ba a tuhume shi da shi tun farko ba, duk da an tabbatar da ɗaurin rai da rai. Aikin wata shida da ba ya komawa wurin mutum sau biyu ba zai taɓa jin irin wannan ba.

Minti 15 na ƙarshen zama a dawo da mai magana yau: jikoki, aiki, abin da ya riƙe shi har ya kawo yanzu. Ba a fama wa mutum miki a tashi a bar shi da dare shi kaɗai. A kira shi bayan kwana biyu, a sake kira bayan mako biyu. Kafin a fita aiki ku riga ku sami likita ko mai ba da shawara da ya yarda a tura masa wanda barci ya ƙaurace wa ko firgici ya taso masa. Ma'aikatanku ma mutane ne. Hira mai nauyi guda a rana ta isa, uku a mako ta yi yawa ga sabon hannu, kuma kowane mako a zauna da su su sauke abin da suka ɗauko. Mai juya murya zuwa rubutu ya fi kowa shan wuya, domin yakan maimaita jimla guda mai ciwo sau biyar a kunnensa, shi kaɗai a ɗaki, kuma shi ake mantawa da shi. Kuɗin mota da ɗawainiya a biya mai magana, amma ba a sayen labari. Da zarar an ji cewa mai labari mafi muni shi ke samun kaso mafi tsoka, an gurɓata rumbun gaba ɗaya.

Za a ce muku tunanin tsoho ba abin dogaro ba ne. Gaskiya ne yana kuskure, amma kuskuren ma bayani ne. A garin Tarni na Italiya 'yan sanda sun kashe wani matashi ma'aikacin masana'antar ƙarfe, Luigi Trastulli, a Maris 1949 yayin zanga-zangar ƙin shigar Italiya ƙungiyar NATO. Da masanin tarihin baka Alessandro Portelli ya yi hira da mutanen garin, sai ya tarar da yawa sun matsar da kisan zuwa 1953, shekarar da aka kori dubban ma'aikata. Sun haɗa ciwo biyu wuri guda saboda a zukatansu ciwo ɗaya ne. Don haka ba a gyara wa mai magana shekara a tsakiyar hira, ba a kuma goge kuskuren a rubutu. A bar maganarsa yadda take, a sa bayani a gefe. Abin da ake bukata shi ne a rarrabe ganau da jiyau. A tambaya a hankali: "Da idonka ka gani, ko faɗa maka aka yi? Wa ya faɗa maka?" Kuma a tambaye shi ko ya taɓa ba masu binciken kotu bayani. Idan akwai shari'a a gaba, hira ta biyu da ta saɓa da ta farko ko da a ranar wata ce, lauyan wanda ake tuhuma zai iya amfani da ita ya rusa shaidar. A irin wannan hali a tuntuɓi lauyansa tukuna. Inda aka ambaci sunan rayayyen mutum da aikata kisa, a yi wa wurin alama, kada ya fita ga jama'a sai lauya ya duba.

Kayan aiki ba su da yawa. Rikoda mai ɗaukar sauti a tsarin WAV, a saita ta kan kilohaz 48 da bit 24. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, take so. MP3 na zubar da wani ɓangaren sautin da ba ya dawowa, don haka na rabawa ne kawai. Makirofo biyu na maƙalawa a riga, ɗaya ga kowane, kimanin santimita 15 zuwa 20 ƙasa da haɓa, inda tufafi ko sarƙa ba za su goge shi ba. A kashe saitin da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa, domin duk lokacin da mai magana ya yi shiru sai ya ɗaga hayaniyar ɗaki. A saita da hannu yadda ƙololuwar murya za ta tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili. Mai ɗauka ya sa abin saurare a kunne daga farko har ƙarshe, in ba haka ba sai ya koma gida zai gane waya ta zare. A kashe fanka da firji, a nisanci janareta, a zaɓi ɗaki mai labule da katifa, domin ɗakin da babu kaya amsa-kuwwa yake yi. A sa sabon batir kowace hira: idan ya mutu kafin a danna tsayawa, fayil ɗin na iya ƙin buɗewa gaba ɗaya. Rikoda da yawa suna tsinka fayil idan ya kai gigabait 2 su fara sabo, sai mai kwafa ya ɗauki na farko ya bar na biyu. In dole sai da waya, a sa ta a yanayin jirgin sama, kuma kada a tura hirar ta WhatsApp, domin tana barin kwafi a wayoyin da ba ku da iko da su.

A ranar da aka ɗauka a ranar ake kwafewa. Kwafi uku, a kan na'urar ajiya iri biyu, ɗaya a wani gari. Ba a taɓa fayil na asali. Duk yanka da gyara a kan kwafi. Kowane fayil a fitar masa da lambar tantancewa ta SHA-256, a riƙa sake lissafa ta aƙalla sau ɗaya a shekara, domin ita ke nuna ko wani abu ya lalace a ɓoye. Faifan kwamfuta a sauya shi duk shekara huɗu ko biyar. Filash da katin memori ba wurin ajiya ba ne, sukan zubar da abin da ke cikinsu idan suka daɗe a aljihun tebur. Awa guda a wannan saiti da makirofo biyu kusan gigabait 1 ce, wato hira 200 ta awa bibbiyu gigabait 400, sau uku. Wannan ba shi ne mai tsada ba.

Mai tsadar shi ne lokacin mutum. Juya awa guda ta magana zuwa rubutu yakan ci awa shida zuwa takwas. Awa 400 ke nan za ta ci kimanin awa 2,800, mako 70 na mutum guda yana aikin awa 40. Mun sha ganin kasafin da babu wannan layin a cikinsa ko kaɗan. Idan kuɗin bai kai ba, a rage yawan hirar. Hamsin da aka gama sun fi ɗari biyu da ba wanda zai iya nemo komai a cikinsu. Mafi ƙaranci, kowace hira ta sami taƙaitawa mai ɗauke da lokaci duk minti uku zuwa biyar, da jerin sunaye da wurare. A rubuta da harshen da aka yi maganar tukuna, fassara ta biyo baya, kuma ba a gyara wa tsoho nahawunsa ko a share inda ya yi shiru. Manhajojin intanet masu juya murya zuwa rubutu kuwa, ku sani loda musu hira miƙa ta ne ga kamfanin da mai magana bai amince da shi ba. A ganinmu ɗaukar murya kada ta ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na kasafi. Sauran na rubutu ne da adanawa da lauya da kula da mutane.

Kafin ku aika kowa ɗauko sabo, ku buɗe ɗakunan ajiyarku. Akwai kasetocin da malamai da ɗalibai suka ɗauka shekaru da yawa da suka wuce suna kwance cikin zafi da ƙura. Tun 2019 UNESCO da IASA suka yi gargaɗin cewa na'urorin kunna zaren kaset da kayan gyaransu suna ƙarewa. Waɗannan muryoyin mutanen da suka riga suka rasu ne, su ya kamata a fara ceta.

Sai maganar komawa. Kowane mai magana a kai masa kwafin hirarsa a tsarin da zai iya saurara, idan yana so kuma ajiye ta ba zai jefa shi cikin haɗari ba. Kada kuma rumbu ya zama kabari. Hukumar Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a Najeriya a 1999 ta saurari mutane a bainar jama'a ta miƙa rahotonta a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka wallafa shi a 2005. A Gambiya kuwa an watsa zaman hukumar gaskiya kai tsaye daga Janairu 2019, mutane suka ji shaidu kusan 400 da kunnensu. Wanda ya yarda a ji shi, a ji shi. Wanda ya ce a rufe shekara 30, a rufe shekara 30, a kuma rubuta ofishin da zai buɗe ranar da wa'adin ya cika.

Muna roƙon kowannenku, kafin ya sa hannu a kan aiki na gaba, ya nemi a ajiye masa takardu huɗu a tebur: takardar amincewa da lauya ya duba, rubutacciyar yarjejeniya da gidan ajiyar da zai riƙe muryoyin bayan tallafi ya ƙare, sunan wanda za a tura masa mai magana ko ma'aikacin da abin ya taɓa, da kasafin da ya nuna awannin rubutu a fili. Idan ɗaya babu, a dakatar da fita har sai an kawo ta.

Wassalam. Naku cikin girmamawa,

Wasu masu aikin tattara tarihin baka